Rumfar Shayin Bakin Dogo

Babana ba mai zagi ba ne. Mun tashi a gidansa ba mu taɓa jin ya zagi ko akuyar da ta ci masa hatsi ba. Amma akwai mutum ɗaya a duniya da in bai zage shi da safe ba, ranar nan ba ya jin daɗin tuwo. Wani Bafulatani ne dogo siriri, mai ruga a gabas da Gagarawa Tasha, wanda mu 'ya'yan gida muke kira Baffa. Mu Mangawa ne, su Fulani, akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni, sai dai su biyun nan sun kai wasan inda ba kowa ke kai shi ba. Abotarsu ta girme ni, kuma a kan idona ta mutu. Har yanzu in na tuna yadda abin ya faru raina ɓaci yake yi.

Ba a gidanmu suke haɗuwa ba, ba kuma a ruga ba. A rumfar wani mai shayi suke haɗuwa, a bakin layin dogo, ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya. Rumfar kara ce da zana, da tebur guda, da benci a kowane gefe, da wata baƙar tukunya da ban taɓa ganin ta a sauke ba. Mai rumfar sa'an Baba ne, gajere mai ƙaton ciki, ba wanda ke kiran sunansa, Mai Shayi kawai ake cewa, har matarsa. Lokacin da jirgi ke tsayawa a tasha, daga Kano zuwa Nguru, rumfar nan ba ta da masaka tsinke. Fasinjoji, 'yan dako, masu awon hatsi, dillalan dabbobi, kowa da kofinsa a hannu, Mai Shayi yana sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan, hannu a sama, yana ba mutum labarin garin da mutumin ya fito.

Da an idar da sallar asuba rana ta ɗan ɗaga, Baba zai saɓa fartanya ya nufi can. In ya hango Baffa ya tsallako layin dogo da sandarsa a wuya, tun daga nesa zai fara.

"Ga bawana nan ya iso. Mai Shayi, zuba masa ruwan zafi zalla, bai san daɗin sukari ba, kada ka yi asara."

Baffa ba ya sauri. Sai ya jingine sanda, ya cire malfa, ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ya bar Baba a ƙarshe.

"Kaɗo, ka samu yin sallah kuwa? Ko kwana ka yi a bakin rumbu kana gadi, kada ɓera ya ɗauki ƙwaya ɗaya?"

Sai benci ya kwashe da dariya. Haka suke kullum, ba gajiya.

Baffa ba ya shan shayi a gaban mutane. Kunya irin ta Fulani ba ta barin sa ya tauna burodi ana kallon bakinsa. Don irinsu ne Mai Shayi ya kafa wata zana a bayan rumfa, ya ajiye kututturen dabino a wurin don zama. Bafulatani zai karɓi kofinsa ya zaga baya, ya sha, ya goge baki, ya fito kamar ba abin da ya faru. Baba yakan ce ai ɓoyewa yake yi don kada a ga yadda yake lashe kofi.

Wannan zana kuwa tana da wani aiki da ya fi shan shayi. Garinmu gonaki ne kewaye da burtali, duk kaka sai shanu sun shiga gonar wani. In aka yi ɓarna, mai gona ba zai je ruga ba, don zuwansa ƙara ce, kamar ya je karɓar haƙƙinsa a gaban iyalin mutum. Mai shanu shi ma ba zai zo ƙofar gidan mai gona ba, don tsayuwarsa a nan ya amsa laifi ke nan tun kafin a buɗe baki, mata suna leƙe ta katanga. Kowa sai ya zauna a inda yake yana kumbura. To, a nan Mai Shayi ke shigowa. Zai sami mai tafiya wajen wannan da mai tafiya wajen wancan, ya ba su saƙo iri ɗaya: "Ka ce masa shayinsa na hucewa." Ba ya ƙara komai. Wanda aka aika wa ya san ma'anar, kuma ƙin zuwa raina Mai Shayi ne, mutumin da ba shi da gona a bakin burtali, ba shi da ko maraƙi.

In sun zo, sai ya ɗauko wani babban kofin tasa mai kunne da yake ratayewa daban, ya cika shi, ya miƙa wa mai gona, ya nuna musu bayan zana. Kofi ɗaya su biyu. Mu na kan benci muna jin tashin murya, wani lokaci har da rantse-rantse, sannan a yi shiru, sannan a koma magana ƙasa-ƙasa. In sun fito ba mai tambayar me aka yanke. Na sha ganin mutanen da suka shiga ba sa kallon juna sun fito ɗaya yana kakkaɓe wa ɗaya riga. Ban ce kullum ake dacewa ba, akwai waɗanda sai an kai su gaban dagaci. Amma mafi yawa a nan maganar take ƙarewa.

Rumfar ba rana ɗaya ta mutu ba. Jirgi ne ya fara fashi, yau ya zo, gobe babu, har muka daina kasa kunne. Ciyawa ta rufe ƙarfen dogo, awaki suka mayar da tashar wurin kwana. Kaya suka koma kan manyan motoci, mutane suka bi su bakin titi. Ni kaina da na buɗe shagon ɗinki can na kai kekena, don can ne jama'a suke. A bakin titin samari suka buɗe nasu teburan, da janareta, da akwatin kallon ƙwallo, da wurin cajin waya, ana soya ƙwai da taliya. Ba laifinsu ba ne, kowa abinci yake nema. Sai dai a can ba mai sanin wanda ke kusa da shi, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya, in ka yi sallama sai ka maimaita.

Mai Shayi ya yi ta fama. Da sukari da madara suka yi tsadar da ba a taɓa gani ba, musamman lokacin da aka rufe iyaka kaya suka daina shigowa ta Maigatari yadda aka saba, ya daina haɗi mai kauri, ya koma ruwan bunu da citta da kanumfari. Daga baya burodi ma ya zama sai ranar Juma'a. Ya daina fitowar yamma. 'Ya'yansa maza ba wanda ya yarda ya gaji tukunyar, ɗaya yana acaɓa a kudu, ɗaya yana bin mota. Tsofaffin bencin kuma suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, yau a ce wane ya kwanta, jibi a kai shi. Benci biyu suka yi wa rumfar yawa, aka ɗauke ɗaya aka kai masallaci. Wata safiya na biya ta wurin na tarar da su uku kacal, Baba da Baffa da Mai Shayi, ana zagin juna ba mai yin dariya sai su kansu. Na ji tausayinsu har na kasa tsayawa.

Ana cikin damina Mai Shayi ya faɗi a gaban murhu. Shanyewar ɓarin jiki ce. 'Yarsa da ke aure a Gumel ta zo da mota ta tafi da shi. Aka kife tukunya, aka jingine tebur a jikin darbejiya, aka ɗaure bakin rumfar da igiya. Baba ya ci gaba da bi ta wurin in zai tafi gona, ya ɗan tsaya, ya wuce. Baffa kuwa ba shi da dalilin tsallako layin dogo da sassafe. Suka koma ba sa haɗuwa sai ranar kasuwa, ko wurin jana'iza, inda ba a wasa.

A kakar shekarar abin ya faru. Ƙanena ne ke noma babbar gonarmu ta bakin burtali tun da ƙarfin Baba ya ragu, kuma a shekarar riɗi ya zuba mata gaba ɗaya. Riɗin ya yi kyau. An yanke shi, an ɗaɗɗaure, an tsayar da dammunan a jingine da juna suna bushewa, saura kaɗan a shimfiɗa tamfol a kaɗe. Wanda ya san riɗi ya san wannan ne lokacin da ya fi haɗari, don bakinsa ya riga ya buɗe, ko iska mai ƙarfi zubar da shi take yi. Shanun gidan Baffa suka ƙwace wa babban ɗansa a hanyar mashaya, suka faɗa gonar. Ba wani ci suka yi ba, bi suka yi ta kai suka ture dammunan. Ƙwayar ta tsiyaye cikin rairayi. Na je na gani da idona, matar ƙanena tana durƙushe da rariya tana tankaɗe ƙasa tana kuka.

Ƙanena mai zuciya ne, kuma wahalarsa ce ta shekara guda a ƙasa. Baba ya ce masa ya dakata. Ya dakata kwana ɗaya, ya dakata biyu, yana tambaya, "Baba, me muke jira?"  Na san abin da Baba yake jira, na kuma san Baffa shi ma abin da yake jira ke nan a rugarsa. Saƙon nan suke jira, wanda mai aiko shi yana kwance a Gumel ba ya iya ɗaga hannu. Da ƙanena ya gaji ya hau babur ya kai ƙara. Aka zo aka tafi da ɗan Baffa, magidanci mai mata da 'ya'ya, a gaban jama'a. Ya kwana a hannun hukuma. Washegari Baffa ya zo karɓarsa, ya tsaya a rana da malfarsa a hannu har aka gama rubuce-rubuce. Hukuma ta yi aikinta, an sasanta, an biya abin da aka yanke. A takarda magana ta ƙare.

Ranar Alhamis ta gaba na raka Baba kasuwar Maigatari zai sayar da tunkiya. A bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, muka yi kiciɓis da Baffa. Na ce a raina yanzu ɗaya zai jefi ɗaya da baƙar magana, a yi dariya, a wuce wurin. Baffa ya tsaya, ya ɗan rusuna.

"Barka da kasuwa, Malam."

Malam! Mutumin da tun ina goye yake ce wa Kaɗo. Na dubi Baba. Leɓensa ya motsa, sannan ya ce, "Barka kadai, Malam. Ya iyali? Ya dabbobi?"

"Lafiya lau. Mun gode Allah."

Suka gaisa hannu bibbiyu, gaisuwa mai kyau, irin wadda ake yi wa suruki. Kowa ya kama gabansa. Ban taɓa jin gaisuwar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba. A mota muna dawowa Baba ko kuɗin tunkiyar bai duba ba.

Na kasa haƙuri, na tafi Gumel wajen Mai Shayi. Tunanina ko da baki ne ya ba da saƙon, in kai da sunansa. Na same shi a zaure a kan katifa, ya rame har cikin nan ya tafi. Ya gane ni. Na ba shi labari tun daga riɗi har kasuwa. Ya yi ta ƙoƙarin magana, bakin ya karkace, sauti ne kawai ke fita, hawaye yana bin gefen fuskarsa zuwa kunne. 'Yarsa ta ce, "Yaya, ka bar shi haka, kada jikin ya tashi." Da zan tafi ta shiga ɗaki ta fito da kofin tasar nan a leda, ta ce tun ɗazu wajen da kofin ke ajiye yake nuna mata da ido.

To, ni da wayona sai na ga ai abin ya zo da sauƙi. Ga kofi, ga rumfa, tukunya tana nan a kife. Na sami wata safiya na kwance igiyar, na share kashin awaki, na gyara zanar baya da ta kwanta, na hura gawayi. Na sayo madara da sukari da burodi mai kyau, na yi haɗin da rumfar ta shekara ba ta gani ba. Na ba wata mai tallan nono ta rugar su Baffa saƙo, kalma a kan kalma yadda Mai Shayi yake faɗa. Baba kuma na je da kaina na faɗa masa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya sa hula ya biyo ni. Ya zauna a kan benci, ya ba layin dogo baya.

Baffa ya zo. Wallahi ya zo. Na hango shi cikin karan dawa, da sanda a wuya, da farar rigarsa ta zuwa Juma'a. Ya iso bakin ƙarfen dogo ta wancan gefe, ya tsaya. Ya dubi hayaƙi, ya dubi tukunya, ya dubi wanda ke tsaye a bayanta.

"Ɗana, kai ne mai shayin yau?"

"Ni ne, Baffa. Bismillah, ƙaraso."

"Na ɗauka ko jikin nasa ne ya yi sauƙi aka dawo da shi."

"A'a, Baffa, yana can. Amma ga kofinsa, shi ya ba ni."

Ya dubi kofin. Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Allah ya yi maka albarka, ka yi abin da ɗa nagari zai yi. Amma wutar gidanku ce, sukarin gidanku ne. In na zaga bayan zanar nan, gobe a ruga za a ce mai gona ya kira ni na je na sha. Ɗan cikina ya kwana a ɗaure. Da wane ido zan dube shi?"

Na ce, "Baffa, shayi ne fa kawai."

"Da shayi ne kawai, da ban sako wannan rigar ba."

Duk wannan Baba yana ji. Tsakaninsu bai fi a miƙa sanda ta taɓa mutum ba. Na zuba wa ƙeyarsa ido ina roƙon Allah ya juyo ya ce bawana, ya ce komai, ko zagin da ya fi kowane muni. Bai juyo ba. Baffa ya ɗan jira, ni na ga ya jira. Sannan ya ce, "A gaida gida," ya koma cikin karan dawa.

Na juya kan Baba, kuma ranar ce kaɗai a rayuwata na ɗaga masa murya. Na ce wane irin taurin kai ne wannan, mutum ya taho tun daga ruga. Ya ce, "Da ya tsallako ƙarfen nan da na tashi." Na tabbata shi ma wancan yana tafe yana cewa da ya juyo da na tsallaka. Tsofaffi biyu masu furfura, kowa yana jiran a fara. Na kwashe shayin na kai wa masu aikin gini a bayan masallaci, na mayar da igiyar na ɗaure. Da na huce na gane ba taurin kai ne kaɗai ba. Duk garin nan ba sauran wurin da ba na kowa ba, ba kuma sauran mutumin da zai kira su biyun su zo ba tare da ɗaya ya ji an kayar da shi ba.

Da rani ya shiga, 'ya'yan Baffa suka ce ba za su ƙara damina a nan ba. Burtali ya matse, gonaki sun cinye mashaya, ga abin da ya faru. Suka tashi da shanunsu suka yi arewa, suka tsallaka wajen Damagaram inda suke da dangi. Ba a yi sallama ba. Mai nono ce ta faɗa wa matata, matata ta faɗa mini. Iskar farkon damina kuma ta kwantar da rumfar, mata suka kwashe karan suka hura wuta.

Bayan shekara biyu, wani dillalin shanu da na sani ya tare ni a Maigatari, muna cikin hira ya ce, af, tsohon nan na rugar gabas ai ya rasu tun watan jiya, ciwon ciki, kwana kaɗan ya yi. Ya faɗe shi kamar yadda ake faɗin farashin gero. Na dawo gida ina juya yadda zan faɗa wa Baba. Na same shi yana gyaran igiyar guga, na durƙusa na faɗa masa. Ya yi salati, ya ajiye igiyar. Can ya ce, "Ɗauko mini sabuwar tabarma."

Ya sa aka shimfiɗa ta a ƙofar gida, inda muke zaman makoki in an yi mana rasuwa. Ya yi alwala, ya sa babbar riga, ya ɗauki carbi ya zauna. Na ce bari in je in sanar da liman da maƙwabta, a zo a yi addu'a.

"Ka ce musu wa ya rasu?" in ji shi. "Mutumin da muka kai ɗansa gaban hukuma? Waɗanda suka san abin da ke tsakanina da shi duk suna ƙasa, ɗayan kuma ba ya magana. Bar su kawai. Wanda ya sani zai zo."

Na rufe shago na zauna tare da shi. Unguwa tana ta harkarta, masu babur, masu kura da jarkokin ruwa, masu dawowa daga gona. Ba wanda ya ga wani abu, tsoho ne a kan tabarma a inuwar gidansa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da hutawa, Baba."

Shi kuma ya ce, "Yauwa, sannu."

Haka ya yi ta amsawa har kwanakin makokin suka cika.